Tagar da Ta Ƙi Faɗowa

Shekarata hamsin da bakwai, gemuna ya yi fari, ina da jikoki huɗu, amma da zarar na sa ƙafa a wurin aikinmu sunana Auta. Yayana ne ya liƙa min, kuma abin da Yaya ya liƙa ba ya ɓamɓaruwa. Jiragen ruwa muke ƙerawa ni da shi, a wata doguwar rumfar kwano da ke bakin ruwa: kwale-kwalen masunta, da ƙananan jirage masu inji da ɗan ɗakin matuƙi. Shi ke yanka, ni ke shafa gam, in goge, in yi fenti. Haka muka raba aikin shekara talatin da suka wuce. Ko in ce haka ya raba, ni dai sanar da ni aka yi.

Abin da yake yanka da shi wani injin zarto ne na hannu, mai 'yar siririyar wuƙa da ke hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki. Wuƙar cire ta ake yi a sa wata, domin kowane abu da tasa. Suna nan sun fi arba'in a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, kuma a duk shekarun nan ban taɓa sa hannu a ciki ba. In na matso sai ya ce, "Auta, hannunka da fenti." In na wanke hannun sai ya ce da danshi. Duk ƙarshen mako yakan juye su a kwano ya wanke su da sinadarin cire fenti saboda gam da ke maƙale musu, ya shanya su a kan tsumma, yana lallaɓa su. Ni da muka fito ciki ɗaya ban taɓa samun rabin wannan kulawar ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci min rai.

Wata ranar Litinin ya yanke babban yatsansa. Ba sosai ba, ɗinki uku ne. Matsalar ita ce wadda ta yi ɗinkin. Yaya 'ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, kuma yana ce mata Uwata domin tun tana rarrafe take mulkinsa. Mace ce da ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk maganin da aka rubuta maka ba ka sha ba. Ita ta dawo da shi rumfa a motarta, ta tsaya tana kallon tebur da wayoyin lantarki da garin katakon da ya rufe ƙasa.

"Baba, ciwon suga ya taɓa idonka," ta ce. "Na sani, ka sani."

"Idona garau yake. Katakon ne ya goce."

"To. Ranar Asabar zan zo in zauna tun safe in kalli aikinka. In na ga kuskure ɗaya, ka bar rumfar nan ke nan. Na gyara maka ɗaki a gidana, har da talabijin." Ta juyo gare ni. "Baffa, kai ne shaida."

Na ce to. Me zan ce?

Motarta na ɓacewa Yaya ya zauna a kan benci, ya daɗe yana murza bandejin. Na ɗauka faɗa zai yi min, domin in ransa ya ɓaci ni ne mafi kusa. Sai na ji ya ce, "Auta, ɗauko gwangwanin."

"Hannuna da fenti."

"Ka ɗauko, ban da iskanci."

Na kawo. Ya zaro wuƙa ɗaya, ya kai ta dab da hancinsa, ya nisanta ta, ya shafa ta da yatsa. Sannan ya faɗa min abin da ya ɓoye kusan shekara guda. Layi in an ja shi da baƙin alƙalami mai kauri yana ɗan gani, sauran kuma hannu ne ke bi don ya saba. Amma haƙoran wuƙa sun ɓace masa gaba ɗaya. Yatsun ma sun mutu, ko ya shafa ba ya bambancewa. Abin da yake yi shi ne ya sa wuƙa, ya ɗan taɓa guntun katako, ya saurari kukan injin. In ba ita ba ce ya cire ya sa wata. Wurin wannan gwaje-gwajen ne ya yanke.

"A gabanta ba zan iya wannan lalube ba," ya ce. "In na shiga gidan nan aka zaunar da ni gaban talabijin da ko gani ba na yi, wata uku ba zan kai ba. Kai za ka riƙa miƙo min. Babba ya aiki ƙarami, wa zai yi zargi?"

Tausayinsa ya kama ni. Amma haushin shekara talatin bai bar ni na yi shiru ba.

"Ni da ban san ko ɗaya ba? Wa ya hana ni sani?"

"Ga kwana huɗu, sai ka sani."

Wallahi ban taɓa ganin malami mai gajen haƙuri irin Yaya ba. Na juye wuƙaƙen a kan tebur, ni ke gani ban sani ba, shi ya sani ba ya gani. Sai in ɗauki ɗaya in kwatanta masa.

"Wannan haƙoranta manya ne, da giɓi tsakani."

"Ta katako mai kauri ce. Ci take yi da sauri, ba ruwanta da kyau. Ka sa ta a filawud, siririn allon katakon nan, ta tsattsage maka fuskarsa."

"Wannan kuma haƙoran suna kallon ƙasa. An yi kuskure a kamfani ne?"

"Kai ne kuskuren. Ta filawud ke nan. Sauran in suna hawa suke ci, sai su ɓalle fatar sama. Ita in tana sauka take ci, saman ya fita sumul."

"Ga wata ba haƙori ko ɗaya, sai kaushi kamar sanfefar goge katako. Ta mutu, in yar?"

Ya kusa faɗowa daga benci. Ashe ta faiba ce, wannan mai tauri da ake rufe jikin jirgi da shi. Wai faiba cinye haƙori yake yi cikin minti biyu, shi ya sa ake aika masa wadda ba ta da abin da zai ci. Na ce ashe kakarmu ce, da dasashi take gama ƙashi. Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Haka muka yi ta yi. Siririya ta lanƙwasa ce, mai faɗi ta miƙaƙƙen layi. Mai ƙananan haƙora kamar na ɓera ta ƙarfe ce mara kauri irin su alminiyam, domin abu in siriri ne dole haƙori uku aƙalla su kasance a cikinsa lokaci guda, in ba haka ba wuƙar ta kama shi ta yi ta girgiza. Akwai kuma ta gilashin roba, wanda muke yin tagogin ɗakin matuƙi da shi. Ya yi min dogon bayani a kanta ranar Laraba da yamma, lokacin da kaina ya riga ya cika ya yi dam. Na riƙa cewa "na gane, na gane." Ban gane komai ba, yunwa nake ji.

Ranar Alhamis ya gwada ni sau goma, duk wuƙar da na miƙa sai ya sa ta a inji ya saurara, na ci huɗu. Ya ce ɗan akuya zai ci biyar. Abin ya yi min zafi, sai na yi dabarar mai fenti. Da ya fita alwala na ɗauko ƙaramin buroshi, na ɗiga wa kowace wuƙa launi a gindi, ina duba kwalayensu na asali da na tono a ƙarƙashin tebur. Ja ta katako, kore ta filawud, shuɗi ta ƙarfe, rawaya ta roba. Ban faɗa masa ba. So nake ya ɗauka kaina ne ya buɗe. Ranar Juma'a na ci goma cikin goma, har ina miƙa masa ina fito.

Sai ya ce, "Ashe akwai ɗan abu a kan nan naka."

Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga bakinsa. Na tafi gida ina taku ɗai-ɗai, matata har ta tambaye ni ko lafiya.

Asabar da safe na tarar da shi ya riga ni zuwa, ya sa riga mai tsabta, ya share rumfa. A kan tebur ga tsumma a shimfiɗe, ga wuƙaƙe a jere suna ƙyalli. Warin sinadarin cire fenti ya bugi hancina. Mutumin nan ya wanke su tas kamar yadda ya saba, ba ja, ba kore, ba rawaya. Bai ma san akwai wani abu a jikinsu ba, tunda ba gani yake yi ba.

"Yaya," na ce, "akwai wata 'yar magana."

Sai ga ƙarar mota a ƙofa.

Ta shigo da kujerarta ta roba da gorar ruwa, ta gaishe mu, ta zauna inda take ganin komai, ta ɗora jaka a cinya. Jirgin da muke kai ƙarami ne mai ɗakin matuƙi, kuma aikin ranar ya haɗa komai da komai. Yaya ya tsaya gaban tebur yana wani ciccika.

"Auta, ta katako."

Wannan ko jariri ya gane ta. Na miƙa mai manyan haƙora. Injin ya yi gurnani, katako ya rabu biyu a kan layin da na ja masa da kauri.

"Ta filawud."

Na bi su da ido har na ga mai kallon ƙasa. Ya yanka murfin akwatin kaya, fuskar ta fita sumul, ya shafa ta da tafin hannu yana satar kallon inda 'yarsa take.

"Ta faiba."

Na miƙa kakarmu. Nan ma lafiya lau. Na fara jin ƙarfin gwiwa, har na ce wa 'yar tamu ko za a sayo mata lemo. Ta ce ba ta zo shan lemo ba.

Sannan muka ɗora gilashin roba a kan tebur, muka matse shi. Tagogi biyu za a fitar, zagayayyu, kowace kamar faɗin faranti babba. Ya huda ɗan rami a gefen layi inda wuƙa za ta shiga.

"Ta roba."

Na tsaya a kan tsumman nan gumi na bin bayana. Bayanin ranar Laraba ya tafi da yunwar ranar Laraba. Sai na yi lissafi irin nawa: abu mai kama da gilashi abu ne mai laushin rai, ai sai a lallaɓa shi da ƙananan haƙora. Na ɗauki mai haƙoran ɓera na miƙa masa. Ya sa ta da hannunsa, ya kunna.

Bai yi nisan ɗan yatsa ba na ga wuyansa ya sage. Kunnensa ya gaya masa. Ni ma na ji kukan ya sauya, ya koma wani siririn ƙugi. Amma me zai yi? In ya tsaya ya ce ba ita ba ce, za ta tambaye shi yadda aka yi ya riƙe ta a hannu, ya sa ta a inji, bai gani ba. Sai ya rage wuta, ya ci gaba a hankali, ko Allah zai sa a wuce. Wani wari ya tashi kamar an jefa bokitin roba a murhu. Ƙananan haƙoran nan ba sa fitar da gari, gugar robar kawai suke yi har ta narke. Ina tsaye ina kallo, wuƙa tana wucewa, robar tana sake haɗewa a bayanta.

Ya zagayo har inda ya fara, ya kashe injin, ya zare shi. Ya sa yatsa biyu ya tura tsakiyar tagar don ta faɗo. Ko motsi. Ya sa tafin hannu. Shiru. Ya ɗan dunƙule hannu ya buga. Tagar tana nan daram, an yanka ta kaf amma ta ƙi rabuwa da uwarta.

"Wani lokaci sai ta huce," in ji Yaya.

"Haka ne," na ce, "irin ta zamani ce."

'Yar tamu ta taso, ta duba tabon da ya zagaye robar, baƙi-baƙi, ya kumbura. Ta kalli injin, ta kalli ubanta ta saman tabarau.

"Baba, cire wuƙar nan ka faɗa min ta mece ce."

Ya cire. Ya riƙe ta. Ya san ta ƙarfe ce tun daga kukanta, da ya faɗa da ya wuce wannan tambayar. Amma ta riga ta ɗebo wasu uku daga kan tsumma ta shimfiɗa a tafin hannunta.

"Waɗannan fa?"

Na kalli yayana, mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin an tambaye shi abu a kan aiki ya rasa amsa ba, yana kallon tafin hannun 'yarsa kamar mai leƙa rijiya. Ban iya jurewa ba.

"Laifina ne," na ce. "Ni na miƙa masa. Fenti na ɗiga musu don in gane su, shi kuma ya wanke."

Yaya ya juyo. "Fenti? A wuƙaƙena?"

"Ɗan ɗigo ne."

"Wato goma cikin goman nan satar amsa ce."

"Kai ma ai satar ido ka yi da ni."

"Ya isa," ta ce. Ba ta yi dariya ba, idonta ma ya kawo ruwa. "Tsofaffi biyu, ɗaya ba ya gani, ɗaya bai sani ba, kun haɗu kuna wasa da abin da zai iya cire hannu. Baba, ni na ɗinke yatsan nan. Tashi mu tafi."

Ta ciro makullin mota. Yaya bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ajiye wuƙar, ya fara laluben hularsa a kan tebur, hular tana nan kusa da gwiwar hannunsa bai gan ta ba.

"In kin tafi da shi sai ki rufe rumfar," na ce. "Ni kin ga iya sanina. Shi kuwa tun wuƙar ba ta yi nisa ba ya san ba ita ba ce. Ki tambaye shi."

"Gaskiya ne, Baba?"

"Ihu take yi tun farko," ya ce a hankali. "Kurma ma ya ji."

"To me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Kina kallo, Uwata."

Ta daɗe tana juya makullin a hannu. Sannan ta ce, "Injin nan ba za ka sake riƙe shi ba. Wannan ba roƙo a ciki." Ta ɗauke shi daga kan tebur da hannu biyu, ta miƙo min. "Saura taga ɗaya. In gani."

Ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba. Shekara talatin ina jin kukansa, ban taɓa jin ɗuminsa a hannuna ba sai ranar. Yaya ya tsaya yana kallon wajen da nake, fuskarsa ba ta nuna komai. Na ɗauka zai ce hannuna da fenti. Sai ya ja benci ya matso kusa da ni.

"Nemi mai matsakaitan haƙora," ya ce, "ba na ɓera ba, ba na kura ba. A miƙe suke, ba su baje gefe da gefe ba. Jikinta sumul."

Na samo biyu, na kwatanta masa kowace. Ya ce ta biyun. Ya sa na liƙa salatif a kan robar na sake jan layi a kai, ya sa na mayar da wuta ƙasa. Na huda rami, na sa wuƙa, na kunna. Ya ɗora hannunsa mai bandeji a kafaɗata, ya sunkuyar da kai, ya juyo da kunnensa wajen injin.

"Ita ce. Kada ka tura, bar ta ta ci da kanta."

Farin gari ya fara zuba ƙasa, ba wari.

"Kana sauri. Ina za ka? Tsaya ta sha iska. To, ci gaba."

Gumi yana shiga min ido, shi kuma yana matsa kafaɗata in na yi sauri, ya sassauta in na daidaita. Ta gefen ido na hangi 'yar tamu ta koma kan kujerarta, ta buɗe jaka ta jefa makullin ciki. Na zagayo, na zagayo, har na ga ramin da na fara. Tagar ta saki da kanta, ta faɗo a kan buhun da muka shimfiɗa a ƙasa.

Na kashe injin. Na ɗauko ta na riƙe. Yaya bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba. Ya ɗan yi gyaran murya, ya yi ƙasa da ita yadda 'yarsa ba za ta ji ba.

"Auta, ya ta yi? Faɗa min, ni ba na ganinta."

Tun da aka haife ni bai taɓa tambayata yadda aiki ya yi ba. Na duba tagar ta cikin ruwan da ya cika min ido.

"Ta ɗan karkace ta gefen hagu, Yaya."

"Na ji lokacin da ka karkace," ya ce. "Ɗauko sanfefa."